Kaka Ta Wuce Ba A Yi Shelar Haraji Ba

Kakar bana ta zo ta wuce a ƙasar Kankiya da Kusada yadda ta saba. An girbe gero, an yanke dawa, an rore wake, amalanke sun yi ta jigilar dammuna zuwa rumbu. Masu aurar da 'ya'ya sun sa rana, masu bashin taki sun biya ko sun nemi a ɗaga musu ƙafa, samari sun ɗaure jaka sun nufi Kano da Abuja da Legas cin rani. Cikin duk wannan hidima, daga majalisar ƙofar gida har teburin mai shayi, ban ji bakin da ya ambaci haraji ba. Yaron yau zai ce to, me ya kawo haraji cikin zancen kaka? Amma waɗanda suka yi wayo kafin 1979 sun san a da tare suke shigowa gari, kuma sau da yawa harajin ne ke fara cin amfanin gona kafin mai gonar ya ɗanɗana.

Da shela ake farawa. Bayan magariba, lokacin da hayaƙin tuwo ya lulluɓe unguwa, sai ka ji murya daga wajen ƙofar gidan Magaji: jama'a, Magaji ya gaishe ku, ya ce haraji ya fito, kowa ya shirya. Mu yara mu bi mai shela a guje muna kwaikwayonsa, don a wurinmu wasa ne. A zaure kuwa hira takan mutu. Kakana yakan tsame hannu daga akushi ya shiga lissafi da yatsu: shi, da 'ya'yansa biyu da ke gandunsa, da wani ƙanensa da ya tafi Kurmi bai aiko da ko anini ba amma sunansa na nan a littafi. Kai huɗu ke nan, duk a wuyansa.

Ranar karɓa, malamin haraji yakan zauna a inuwar durumi da ɗan teburinsa, da babban littafi mai baƙin bango wanda gefen shafukansa ya yi ja saboda ƙura da yawun yatsa. Mai unguwa na gefe yana kiran suna. Ana jera sulalla goma-goma, kana jin ƙararsu tun daga nesa. Takardun kuɗin sun sha ninki sun yi laushi, wasu na warin daddawa, wasu na ƙamshin man shanu, don da yawansu daga ƙullin zanen mata suka fito. A rubuce mata ba sa biyan haraji. A zahiri akuyar uwargida da kuɗin ƙuli-ƙulin amarya sun fitar da magidanta da yawa kunya. In mutum ya biya, a yago masa 'yar takarda, ya ninke ta huɗu ya cusa a naɗin hula ko a jakar fata tare da layunsa. Ita ce shaidarsa a hanya. Mai tafiya cin rani in bai riƙe ta ba, duk inda aka tare mota nan tafiyarsa ta tsaya.

Ba Turawa suka kawo mana haraji ba, ko da yake su suka sa masa littafi da wa'adi. A farkon 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina zuwa Kano, ya bi ta Kusada, ya kuma ambace ta a littafinsa. Da ya isa Kano ya rubuta cewa kowane magidanci na biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, ana karɓar wuri 700 a kan tukunyar baba a karofi, 600 a kan bishiyar dabino; a Zazzau kuwa fartanya ake ƙirgawa, wuri 500 kowace ɗaya. Ga zakkar hatsi, ga jangali, ga kuɗin rafi. Tun kafin a ga jar fata, manomin ƙasar nan ya san akwai rabon sarauta cikin guminsa.

Abin da Turawa suka yi bayan 1903 shi ne suka dunƙule waɗannan kuɗaɗe, suka ce a biya da kuɗinsu na ƙarfe, ba wuri ba, ba dami ba. Suka fitar da hakimai daga birni, kowa ya koma ƙasarsa ya zauna ya tara. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906 ya yi sarauta har 1944, aka kafa baitulmali, kuma Katsina na cikin wuraren farko a Arewa da aka gwada wannan tsari, da hannun Bature Palmer a ciki. Mai unguwa ya kai wa magaji, magaji ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni a ƙirga gaban Ma'aji, gwamnatin Turawa ta ɗebi nata, En'e ta riƙe saura. Tilascin biya da tsaba shi ya sa gyaɗa da auduga suka ci filin gero da dawa, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, tsoron malamin haraji na cikin abin da ya gina ta.

Duk mai cewa da ta fi yanzu ya dakata a nan tukuna. A ƙa'ida jimla ake yanka wa gari, magaji da masu unguwanni su raba wa magidanta gwargwadon ƙarfin kowa. A aikace, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Surukin mai unguwa a sassauta masa, wanda ya taɓa yi wa magaji gardama a kan iyakar gona a lafta masa. Mutum ya mutu ko ya yi ƙaura, sunansa ya shekara a littafi 'yan uwansa na biya. Dattawa sun ce yaro in ya fara tsawo, hannu ake ɗaga masa a duba hammata. In gashi ya fito ya shiga littafi, ko da bai mallaki fartanyar kansa ba. Wanda ya kasa biya a zaunar da shi a rana a ƙofar fada tun hantsi har la'asar, 'ya'yansa na kallo. Wasu sun sayar da hatsi da arha a kaka suka dawo suka saye shi da tsada a bazara. Wasu sun jinginar da gona ba su ƙara taka ta ba. Akwai waɗanda suka sulale da dare, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai labari daga Gwanja ko Sudan.

Na Fulani kuwa jangali ne, da damina ake bin su, saniya-saniya. Da an ji malaman jangali sun doso sai a raba garke, yara su kora rabi cikin daji, a bar rabi a ruga. Malaman sun san da haka, ardo ya san sun sani, sai a zauna a sha nono a daidaita. Abin da ya shiga littafi daban, abin da ya shiga aljihu daban.

To amma ba duka kuɗin ne ya narke a hanya ba. Kaso mai tsoka ya tafi albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, wannan gaskiya ne. Saura shi ya gina elementare, ya buɗe ɗakin shan magani, ya haƙa rijiyoyin siminti, ya biya duba-gari da malamin daji da mai allurar shanu da malaman yaƙi da jahilci. Abu kaɗan ne in aka gwada da yawan jama'a, sai dai mutane sun san nasu ne, domin sun san inda ya fito. Ina yaro na ga wani tsoho a ƙofar gidan wani magaji, ya cire takalmi ya durƙusa yadda aka saba, amma maganar da ta fito bakinsa a tsaye take. Ya ce, “Ranka ya daɗe, bara mun biya, bana mun biya. Bakin rijiyar unguwarmu ya rufta tun damina, matanmu sai rafi suke zuwa. A gaya wa hakimi.” Magajin bai ji daɗi ba, amma bai kore shi ba. Ya ce, “Na ji, Malam, za a kai.” Ba tausayi ne ya sa shi ba. Ya san baɗi war haka shi zai sake zama gaban mutanen nan yana neman kuɗinsu, in kuwa jimla ba ta cika ba, rawaninsa ne zai yi rawa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada a ɗauka wannan 'yanci ne. Furfura ce ta kare tsohon nan; da saurayi ne ya faɗi haka, wataƙila a gidan yari zai kwana. Waɗanda suka ɗaga murya da gaske su ne 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, kuma sun sha bulala da ɗauri a kan haka. Ba su buƙaci dogon bayani ba kafin talaka ya gane su. Manomi ya san sule nawa ya biya, ya san hannun da ya karɓa, ya ga rigar da mai karɓar ya ɗinka bayan kaka. A kan haraji da jangali da aikin tilas siyasar talakawan Arewa ta ginu. Da jam'iyyar PRP ta ci jihohin Kaduna da Kano a 1979, gwamnoninta Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ba su ɓata lokaci ba suka soke haraji da jangali. Lokacin muna cikin jihar Kaduna. Labarin ya iso ta rediyo, mutane na ta tambayar juna ko da gaske ne. Majalisa ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, amma soke harajin kaɗai ya ishe shi abin tunawa a ƙauyukanmu. Kuma daidai ya yi. Har yau ban ji hujjar da za ta halatta shanya magidanci a rana saboda kuɗin da ba shi da su ba.

Sai dai kafin a soke shi ma, harajin ya riga ya zama ƙaramin abu a lissafin gwamnati, don kuɗin fetur ya shigo. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda aka yi ɗan Katsina Shehu Musa 'Yar'aduwa na na biyu a gwamnatin soja ta Obasanjo, ya naɗe tabarmar En'e ya kawo ƙaramar hukuma mai kaso daga tarayya. Kankiya na cikin ƙananan hukumomi 7 da jihar Katsina ta fara da su ranar 23 ga Satumban 1987. Daga baya aka yi ta yanka, Kusada ta samu tata a shekarun 1990, yau jihar na da 34. Mutumin Yashe ko Mawashi ko Kofa ba sai ya yi doguwar tafiya ba kafin ya ga sakatariya. An samu makarantu da kwalta da lantarki. Wanda ya san Kankiya a da, ya ga babban asibitinta da makarantar koyon aikin lafiya da ke cikinta yau, ba zai ce ba a ci gaba ba.

Abin da ya juya shi ne alƙiblar kuɗi. Da daga ƙasa suke hawa, yanzu daga sama suke saukowa. Cikin kowace naira 100 da ake rabawa daga asusun tarayya, naira 20 da kwabo 60 na ƙananan hukumomi 774 ne, kuma shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Ciyaman ɗin da albashin ma'aikatansa ke zuwa daga Abuja ta hannun gwamna, wa zai ji wa tsoro? Ba mutumin Rimaye ba, ba na Kafin Soli ba. Idonsa na kan wanda ya ba shi takara. Mu ma sai muka saki. Kuɗin suka zama na gwamnati, ba na uban kowa ba, wanda ya samu dama ya ɗiba a ce rabonsa ne ya tsaga. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, a zauna jiran mai neman ƙuri'a ya gyara, a kafa allo da sunansa, a yi masa godiya a rediyo, alhali da kuɗin jama'a ya yi. Kakanninmu da ba su yi boko ba “mun biya” suke cewa. Mu da muka yi, “a taimaka mana” muke cewa.

Ga shi kuwa ba mu daina biya ba, takardar ce kawai muka daina gani. Tun 1994 ake karɓar harajin VAT a kan kayan saye, kashi 5 cikin 100, aka mai da shi 7.5 a watan Fabrairun 2020. Hatsi da ɗanyen abinci ba sa ciki, amma katin waya da siminti da kwanon rufi da sabulu, duk yana lulluɓe cikin farashinsu. A kan tura kuɗi na naira 10,000 ko fiye akwai naira 50 ta gwamnati, kuma tun ƙarshen 2024 abin ya haɗa da su OPay da Moniepoint da 'yan kasuwarmu suka runguma. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ba a kira shi haraji ba, amma daga aljihun ɗan acaɓa da mai injin ban ruwa kuɗin suka fita, kuma su suka kumbura kason da gwamnatoci ke rabawa duk wata. Wanda bai san ya biya ba, ta ina zai fara tambayar abin da aka yi da kuɗinsa?

Harajin da ake gani da ido shi ne na kasuwa da tasha, kuma nan rashin adalcin ya fi fitowa fili. Ka tsaya a bakin kasuwar mako ka ƙirga hannuwan da ke miƙowa. Manomi ya ɗauko buhun wake a bayan babur: ya biya a ƙofa, ya biya kuɗin saukewa, dillali ya cire la'adarsa, mai awo ya ɗebi nasa. Mai tunkiya ya biya shiga kara, mai saye ya biya fita. Direba ya biya a tasha, ya biya a hanya, ya sake biya a gaba. Wani tikitin da hatimi, wani guntun takarda ne da aka yaga biyu aka sayar wa mutum biyu, wani ko takardar babu, sai “kawo na yau”. Mai tallan ƙosai da jarinta bai kai kuɗin buhun taki ba ana karɓar nata kowace ranar kasuwa. Mai shaguna goma a bakin titi, da yake ana jin nauyinsa, a gaishe shi a wuce. A 1998 an kafa dokar da ta jera abin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta ba ƙaramar hukuma kuɗin rumfa da shago da mahauta da tasha, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Mutum nawa ne a kasuwa suka san da ita? Yaran da ke yankan tikitin ma ban cika ganin laifinsu ba. Da yawansu ba su da albashi, an yanka musu abin da za su kawo ne, abin da ya ɗoru nasu.

Akwai kuma wani harajin da alƙalami ke jin nauyin rubutawa. A shekarun nan ƙauyuka da dama a yammaci da kudancin jihar nan, wajen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, sun ga yadda 'yan bindiga ke yanka wa gari kuɗi kafin shuka, su sake yankawa kafin girbi. A bi gida-gida a tara, babu rijiya, babu makaranta, babu rasit, ran mutum kawai ake saya na 'yan watanni. Mu da muke ɗaukar abin na nesa ne, yanzu mun san ba shi da nisa. Duk mai shirin yi wa mutanen karkara wa'azin biyan haraji ya fara sanin cewa haƙƙin farko da ke wuyan mai karɓa shi ne ya tsare ran mai biya da dukiyarsa.

Shi ya sa da gwamnatin Aminu Bello Masari ta bayyana a 2021 cewa tana shirin dawo da harajin raya ƙasa na naira 2,000 a kan kowane baligi, da jangalin naira 500 a kan kowace saniya, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Masu goyon baya sun kawo hujja mai nauyi: ta haka za a san wa ke cikin gari, wa ya shigo, saniyar wa ce wannan, a kuma mai da wa masu unguwanni aikin da aka raba su da shi. Na yarda da rabin maganar. Littafin haraji rajistar jama'a ce ta gaske. A zamaninsa baƙo ba ya kwana uku a gari mai unguwa bai sani ba. Amma kuɗi ɗaya a kan kowane kai shi ne ainihin abin da aka yi yaƙi da shi. Naira 2,000 a wurin mai tirela ba ta kai kuɗin goro ba. A wurin ɗan ƙwadago mai 'ya'ya bakwai cefanen gida ce. Kuma a shekarar da aka rufe kasuwannin dabbobi aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama saboda tsaro, da wane baki za a ce wa makiyayin da aka kore wa garke ya kawo jangalin abin da ya rage?

Masu cewa mutanenmu ba sa son biya, ban san inda suke zaune ba. Taransifoma ta ƙone a unguwa, nan da nan an yanka wa kowane gida, an tara, an gyara. Katangar maƙabarta ta faɗi, bayan sallar Juma'a a shimfiɗa tabarma, mai ɗari biyar ya ajiye, mai buhun siminti ya yi alkawari, magina su ce aikinsu sadaka ne. Kuɗin 'yan sintiri, man janareton masallaci, alawus ɗin malaman Islamiyya, yashe magudana kafin damina: su wa ke yi? Gayyar noma ta ja baya tun da aka koma biyan 'yan ƙwadago da feshin ciyawa, gangar noma ta yi wuyar ji, amma gayyar aljihu na nan da ranta, har ta shiga WhatsApp, inda 'yan garin da ke Kaduna da Legas da Saudiyya ke turo nasu. Ka dubi yadda ake yin ta. Ana faɗar abin da ake nema da dalilinsa. Gidan marayu ba a yanka masa, attajiri kuwa kunya ma ba za ta bari ya ba da daidai da leburansa ba. Ma'aji mutum ne da aka sani, in an gama a karanta lissafi a gaban kowa har canjin da ya rage, in ya yi ƙwange sau ɗaya ba zai ƙara riƙe ko kwabo ba. Ba daga littafin Bature muka koyi wannan ba. Duk manomin da ke fitar da zakka ya san akwai nisabi, wanda bai kai ba ba a taɓa shi; ya san gonar damina ɗaya cikin 10 ce, wadda aka sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin 20; ya san sai tumaki sun kai 40 ake fitar da ɗaya. Mutanen da suka tashi da wannan awo a ka, ba sai an koya musu bambancin haraji da ƙwace ba.

Yanzu an buɗe wasu ƙofofi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatarwa na jan ƙafa a ƙasar baki ɗaya, amma hukuncin na nan a rubuce. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun yafe harajin kuɗin shiga ga wanda samunsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta fito da shirin raya al'umma a mazaɓu 361 na jihar, inda aka ce jama'a su zauna su faɗi abin da suka fi buƙata. Ina maraba da duk wannan. Sai dai kuɗin da suka tsallake gwamna suka faɗa hannun ciyaman, in babu mai tambaya, wurin ɓacewa kawai suka sauya.

Harajin da ya tafi, Allah raka taki gona. Abu ɗaya ya tafi da shi wanda ya kamata mu bi sawu mu karɓo, shi ne bakin maganar mutumin da ya san ya biya, kuma ana iya samun wannan ba tare da an dawo da dogari ba. A kafa allo a ƙofar kowace kasuwa, da boko da ajami: buhu nawa, akuya nawa, sa nawa, rumfa nawa, tikiti ɗaya kuma ya wadatar. A bar mai ƙosai da mai itace su ci guminsu, a je a ƙirga shaguna da gidajen haya. A biya masu yankan tikiti albashi. Wani kaso na abin da kasuwa ta tara ya tsaya a kasuwar, a ga rumfa, a ga ban-ɗaki, a ga famfo. A ƙarshen wata a liƙa a bangon sakatariya abin da ya zo daga Abuja, da abin da aka tara a gida, da inda ya tafi, a karanta a rediyo don wanda bai iya karatu ba. Kason kowace ƙaramar hukuma ba sirri ba ne, ana wallafa shi, yaron da ke da waya zai iya nemo shi.

Ba na jin za a yi wannan don an ga dama. Saboda haka, ɗan uwa mai karatu, in kana Kankiya ko Kusada ko Ingawa, kansilan mazaɓarku ba baƙo ba ne, kun san gidan ubansa, sahu ɗaya kuke bi a masallaci. Ku je ku biyar ko goma, da liman da shugabar mata da sarkin kasuwa, ku gaishe shi cikin mutunci, ku tambaye shi nawa suka shigo watan jiya, nawa kasuwa ta kawo, me aka yi da su. In ya ce bai sani ba, ku ce ya tambayo, za ku dawo ranar kasuwa mai zuwa. Ranar in ta zo, ku koma.